Jifa Biyun Nulfo Tupas

Duk wanda ke cikin zauren ƙwallon kwando na Kwalejin San Telmo ranar Asabar ɗin nan ya ga abin da idonsa, ni ma ina ciki. Muna da tamanin da huɗu, baƙi suna da saba'in da bakwai, lokaci ya kusa ƙarewa, sai aka ture Nulfo Tupas. Alƙalin wasa ya ba shi jifa biyu, ba mai tare shi. Yaron da ko ido ka ɗaure masa sai ya zura ƙwallo a kwando! Na farko ya daki ƙarfe ya dawo. Na biyu ko ƙarfen bai taɓa ba. Aka busa tashi. Mu muka ci wasa, amma ba wanda ya yi tafi.

Ai dole. A Iloilo daga mai sayar da kifi har malamin makaranta kowa na sayen katin cacar da ake kira endin. Ka zaɓi lambar ƙarshe ta makin waɗanda suka ci da ta waɗanda aka ci, in ta faɗo ka kwashe. Shi ya sa ba sai ƙungiya ta faɗi ake sayar da wasa ba, ya isa mutum ɗaya ya riƙe hannunsa. Ni shida da bakwai na saya. Har na fara miƙewa daga kujera.

Kafin Litinin wani hoto ya zagaye wayoyin gari: Nulfo tsaye a gidan makoki, kusa da teburin caca, yana miƙa ambulan ga Toto Inting, mutumin da duk katin endin na manyan kuɗi ke fitowa daga hannunsa. Gari ya ɗauka. Waɗanda jiya suke sa wa jariransu suna Arnulfo, cikakken sunansa, yau su ne ke tofar da yawu in an ambace shi. Kuma wata mai zuwa ne manyan kulob na Manila za su zaɓi sababbin 'yan wasa, sunansa na sama-sama. Dokar hukumar wasa kuwa ba ta da lanƙwasa: wanda aka tabbatar ya zubar da ƙwallo da gangan, shi da fili har abada.

Talata da safe mahaifiyarsa, Nang Sayong, ta iso gidanmu daga Concepcion da ƙullin busasshen kifi a hannu. Ba ta ko zauna ba.

"Nong Pemy, an ce kai ne mai bin sawu. Ka wanke min ɗana. Ubansa teku ta cinye, ƙannensa uku na makaranta, hannun yaron nan kaɗai muke kallo."

Mijina Pemy ya yi rayuwarsa yana ɗan sanda a duwatsun Calinog, yana bin sawun ɓarayin ɓaunar noma. Yanzu gwiwa ta ƙi, ba ya iya taka burki, ni ke tuƙa shi a tsohuwar jif ɗinmu. Mutum ne mai kallon ƙasa. Ko ranar aurenmu takalmina ya fi kallo.

"Nang Sayong," in ji shi, "ni ba mai wanki ba ne. Sawu nake bi, inda ya tsaya nan nake tsayawa. Kin yarda?"

"Na yarda. Na san abin da na haifa."

* * *

Fada Belarmino, shugaban kwalejin, ya ba mu izinin magana da kowa, ya ce ranar Juma'a lauyar hukumar wasa za ta zo a yanke hukunci. Muka fara da Koci Dodoy Lacuesta.

Koci Dodoy ne ya tsinto Nulfo yana wasa ba takalmi a bakin teku, ya kawo shi birni, ya ciyar da shi, ya tsaya masa uban baftisma. Yaron bai taɓa ce masa Koci ba, sai Maninoy, wato uban baftisma. Kowa ya san shi da kuka da kuma camfi. Ranar wasa ba ya bari motar 'yan wasa ta bi ta gaban shagon masu akwatin gawa, gara a zagaya ta gada ko da za a makara. Ya taɓa hana wani yaro shiga ɗakin kwana saboda ya dawo daga jana'iza bai tsaya ko'ina ba.

Muka same shi ido jawur.

"Laifina ne, Nong Pemy. Ni na aike shi. Mamacin mahaifin wani abokina ne na firamare, zazzaɓi ya kwantar da ni, na ce Nulfo, kai musu gudummawata. Ina na san Inting ne ke riƙe da teburin? Wallahi ƙafata ba ta taɓa taka gidan nan ba, da na je da na gani."

"Jifan fa?"

"Hannu ne, yakan yi rawa. Ni ma na yi wasa." Ya share hanci. "In suka kore shi, ni ma na ajiye aikin."

Gaskiya sai da na yi ƙwalla. Pemy kuwa silifas ɗin mutumin yake kallo.

Nulfo muka tarar a bayan ɗakin kwanan 'yan wasa, zaune a kan bokiti, dogayen ƙafafun nan sun rasa wurin zama. Ya miƙe ya kama hannun Pemy ya kai goshi, ya kama nawa.

"Toto, me ke cikin ambulan?" in ji Pemy, da sunan da muke kiran kowane ɗa namiji.

"Gudummawar makoki, Nong."

"Ka sayar da wasa?"

"Ban karɓi ko sisin kowa ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Me ya sami hannunka?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Na ce, "Kai yaro, uwarka ta bar kifi a rana ta taho, kai kana nan kana ƙirga yatsu?" Ko ɗagowa bai yi ba. Raina ya ɓaci, don na tsani mutumin da ake haƙa masa rami yana miƙa shebur.

* * *

Gari kuwa ya riga ya samo nasa ɓarawon. Jimboy, abokin wasan Nulfo, wanda kullum ke zaman benci saboda shi, an gan shi da sabon babur. Aka ce shi ya ɗauki hoton, shi ya haɗa komai. Ni ma na hau na zauna.

Muka tare shi a bakin ƙofar kwaleji yana goge babur ɗin da rigarsa.

"Inye, Jimboy! Benci ya fara biyan albashi ke nan?" in ji ni.

"Haba Nang Luding, ke ma? Yayata ce ta aiko daga Jidda. Shekara nawa tana wanke majinyata, ba za ta saya wa ƙanenta babur ba?"

"Ka ji haushin Nulfo dai."

"Sosai ma! Kullum addu'ata ya tafi Manila in samu wurinsa. To in aka kore shi da tambarin caca, wane kulob ne zai ƙara kallon ɗan San Telmo? Ni mahassadi ne, Nang, amma ba wawa ba ne."

Pemy ya yi dariya, ya buga wa yayar waya a gabansa. Ta tabbatar, ta ƙara da zagin ƙanen nata don bai sa hular kwano ba. Na ji kunya kaɗan, ba da yawa ba.

* * *

Laraba da hantsi muka je gidan makokin, wani lungu a bayan kasuwar La Paz. Har yanzu ana zaune, an shiga mako na uku. Wannan bai dame ni ba, mutanenmu kan jira ɗa daga ƙasar waje kafin a binne. Kuma kowa ya san 'yan sanda ba sa taɓa caca a gidan makoki, tunda da kason tebur ake biyan kuɗin jana'iza.

An kafa rumfa a tsakar gida, ƙasa ta yi laushi da ruwan daren jiya. Akwatin na rufe a kan ƙafafun ƙarfe, da hoton wani tsoho da kyandirori. Tebura cike da maza. Toto Inting na kishingiɗe da sarƙar zinariya, ya ɗaga mana gira. Matar mamacin, cikin baƙaƙen kaya, ta kawo mana kofi da ibos, shinkafar nan mai danƙo da ake naɗewa a ganyen kwakwa. Nasu da baƙin zare aka ɗaure, maimakon zaren ganye da aka saba. Na kwance na ci biyu, don ba a fita da abincin makoki, a nan ake cinye shi.

"Me ya sa aka rufe shi, Nang?" Pemy ya tambaye ta.

"Ciwon ya ɓata masa fuska," in ji ta, idonta na kan tebur.

Pemy ya matsa gaban akwatin kamar zai yi addu'a, sandarsa ta faɗi. Ya durƙusa ɗauka, ya daɗe a ƙasa har na fara jin nauyi. Da muka tashi tafiya matar ta rako mu har bakin titi tana godiya.

Na tada jif na ce, "Bari mu tsaya gidan burodin can mu kakkaɓe." Ba mai hankalin da zai baro gidan makoki ya wuce gida kai tsaye, sai ya tsaya wani wuri ya ɓatar da mamacin, kar ya biyo shi.

"Wuce gida kawai, Luding."

"Ka haukace? Ka kwaso min tsohon mutane har gadona?"

"Wa za ki kakkaɓe? Ba kowa a akwatin nan."

Saura kaɗan in hau kan wani mai keke.

"Ƙasar ta jiƙe," in ji shi. "Kujerar da kika zauna ta nutse har rabin yatsa."

"Kar ka soma."

"Ƙafafun akwatin ko alama ba su yi ba. Sannan an share tsakar gidan tas, har ƙarƙashinsa, ga sawun tsintsiya. Kin taɓa ganin an yi shara gawa na kwance? Kin taɓa ganin matar mamaci ta raka baƙo ƙofa?"

Na yi wa akwatin wofi addu'a, har na sa kuɗi a faranti! Wato sun ƙirƙiri mutuwa don su yi caca da rana tsaka. Duk da haka na tsaya a gidan burodin, ni ba a wasa da ni a kan wannan. Kuma tsayawar ta yi rana, don mai burodin na ganin Pemy ya ce, "Dogon yaron nan ma nan ya zauna ranar. Ya sha lemo, ya cire riga ya kakkaɓe, ya tambaye ni ko ya daɗe yadda ya kamata."

"To shi dai bai san wofi ba ne," in ji Pemy. "Ɗan cikin gida ba ya kakkaɓe abin da ya san babu."

* * *

Alhamis muka koma ɗakin kwanan 'yan wasa, Pemy ya ce yunwa yake ji. Nang Ibyang mai dafa musu abinci ƙawata ce tun 'yanmatanci, matar da ko ledar gishiri ba ta yarwa. Tana zuba mana miya tana zagin garin gaba ɗaya, shi kuwa idonsa na kan wata ƙusa a jikin bango. Zare ne rataye a kanta, baƙi, an tara shi da yawa.

"Nang Ibyang, ɗinki kika fara?"

"Wane ɗinki? Na ibos ne. Ina ɗaure waken da na shuka da shi."

Cokalina ya tsaya a iska.

"Nulfo ne ya kawo?" in ji Pemy.

"Nulfo da me? Koci ne, Allah ya saka masa. Makon jiya ya kawo leda guda, wancan makon ma haka. Ya ce yara su ci su ƙara ƙarfi. Shi ma ya zauna nan inda kake ya ci uku."

"Ya ce daga ina?"

"Ban tambaya ba. Me ya faru, Luding? Kin yi fari fat."

Mutumin da na yi wa ƙwalla. Mutumin da ke zagaye gada don kar ya ga akwatin sayarwa.

A mota na ce, "Shi ke nan, yaro ya fita!" Pemy bai yi murna ba. Ya ce, "Akwai sawu ɗaya da ban so in bi, Luding. Ki roƙi Allah kar a tambaye shi."

* * *

Juma'a muka taru a ofishin Fada Belarmino: Fada, Lauya Sumagaysay ta hukumar wasa da tabarau a kan hanci, Koci Dodoy, Jimboy, Nang Ibyang, Nulfo da mahaifiyarsa. Pemy ya fara da cewa da safen nan 'yan sanda sun buɗe akwatin La Paz, sun sami tsofaffin jaridu da matashin kai. Fada ya yi alamar gicciye. Nulfo ya ɗago kai a karo na farko, baki buɗe.

Sai Pemy ya ajiye baƙin zaren a kan tebur.

"Koci, ka ce ƙafarka ba ta taɓa taka gidan ba. Wannan daga ina?"

"Ibos ai ko'ina ana sayarwa."

"Na zagaya kasuwa, mace ɗaya ke ɗaurewa da wannan, kuma gidan Inting kaɗai take yi wa. Amma bar wannan. A ce ka je ka manta. Kai, Dodoy Lacuesta, ka ɗauko abincin makoki, ka shigo da shi inda yaranka ke kwana, ka ci, ka ba su, ana saura kwana kaɗan wasa? Duk wanda ke ɗakin nan ya san ko da bindiga ba za ka yi ba. Sai dai in ka san ba wanda ya mutu."

Nang Ibyang ta dafe ƙirji. "Yesu! Dodoy!"

"Inting na riƙe wasu lambobi ba ya sayar wa kowa," Pemy ya ci gaba, "kai kuma aikinka ka tsayar da wasa a kan ɗaya daga ciki. Ka san wata rana za a farga, shi ya sa ka tura yaron da ambulan, aka ɗauke shi hoto aka ajiye. Ɗan da ka riƙe a coci ka tanada don ranar da za a nemi wanda za a yanka."

Na zaci Koci zai yi kukan nan nasa. Ko ɗigo. Fuskarsa ta bushe kamar ba shi ba, wannan ya fi komai tsorata ni.

"To, na yi," in ji shi. "Shekara nawa ina ƙera yara suna tafiya Manila suna sayen motoci, ni ina hawa jif ɗin haya? Na yi."

Nang Sayong ta fashe da kukan murna, ta rungume ɗanta. Ni ma na saki numfashi. Sai Lauya Sumagaysay ta cire tabarau.

"Saura abu ɗaya. Arnulfo, hoton ya faɗi, na yarda ba ka karɓi kuɗi ba. Amma dole in rubuta amsarka. Jifa biyun nan, kuskure ne?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da Manila. Ya ce e, ba mai iya ƙaryata shi. Pemy ya yi gyaran murya ya ce, "Hannu yakan yi rawa, Lauya." Mijina, wanda bai taɓa karkata sawu don kowa ba! Na kalli Koci, ina roƙonsa da ido ya ce haka ne. Ya juya fuska taga.

Nulfo bai kalli lauyar ba, ubangidansa yake kallo.

"Maninoy, ka ce min kocinsu abokinka ne. Ka ce in muka ci su da fiye da bakwai za a kore shi daga aiki, yana da 'ya a asibiti. Ka ce in bar masa mutuncinsa. Akwai 'yar?"

Koci bai juyo ba.

"Toto, yi shiru!" in ji Nang Sayong, tana jan rigarsa. "Don Allah yi shiru!"

"Nay, mako guda ina shiru saboda shi," ya ce wa uwarsa. Ya juya ga lauyar. "Da gangan na zubar, Lauya. Duka biyun."

Lauya Sumagaysay ta daɗe riƙe da biro ba ta rubuta ba. Ta ce a hankali, "Ka san dokar ba ta tambayar dalili?"

"Na sani."

Ta rubuta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce mata wannan zalunci ne, na ce wa Fada ya yi magana mana, na ce wa Dodoy abin da ba a faɗa a gaban Fada. Jimboy, mai jiran wurin Nulfo, ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A bakin ƙofa Nang Sayong ta tsaya gaban mijina. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da ban zo wurinka ba, Nong Pemy, zargi kawai za a yi ta yi, ba mai hujja. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Nang."

Ta gyaɗa kai. Nulfo ya fito da jakarsa a kafaɗa, ya sunkuya don kar ya bugi saman ƙofa, ya tambaye ta ko za su samu motar Concepcion ta yamma. Ta ce in sun yi sauri.